Rumbu Ko Ƙoƙo: Martani Ga Masu Shawarar Ƙaramar Ma'adana a Kwamfutar Gem

Gabatarwa

Akwai wata shawara da ta yaɗu a tsakanin matasa masu son haɗa kwamfutar gem da ɗan abin da ke hannunsu, har ta zama kamar karatun da aka haddace. Shawarar ita ce a matse kuɗin ma'adana, a sayi ƙarama mai gigabayit 256, abin da ya yi saura a zuba shi a kan katin hoto. In ta cika, a goge wasa ɗaya a sauke wani. In hali ya samu nan gaba, a ƙaro wata. Asalin wannan magana daga ƙasashen da intanet ke zuba kamar ruwan famfo ne, kuma a can tana da hujjarta. Illar ita ce yadda ake kwaso ta ɗungurungum, a juya ta zuwa Hausa ko Larabci, a miƙa wa yaron da ke zaune a Abu Na'ama ko Mai Wurno, ba tare da an tambayi yadda rayuwa take a inda yake ba.

Wannan rubutu yana ja da shawarar nan. Matsayinsa ɗaya ne: ba girman wasanni kaɗai ke yanke girman ma'adanar da ta dace da mutum ba, abin da ya fi yankewa shi ne wahalar sake cika ta in an goge abin da ke ciki. Inda sake cikawa ke da sauƙi, ƙoƙo ya wadatar. Inda take da tsada da jinkiri da rashin tabbas, rumbu ake ginawa.

Inda Ake Magana a Kai

Abu Na'ama gari ne a jihar Sinnar ta Sudan, a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinja a kan hanyar Damazin. Yanki ne na dawa da riɗi, an kuma san garin da tashar binciken aikin gona, da Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Sinnar, da masana'antar rama da aka kafa don saƙa buhuna. Hausawa da Fulani sun daɗe a wannan gaɓa. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya jagoranci jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokin waɗannan mutane da na alhazan da suka yada zango a hanyar Makka su ne matasan da ake magana a kansu.

Garin yana tsakanin madatsun ruwa biyu masu ba da wuta: ta Sinnar da aka kammala a 1925, da ta Rusairis da aka kammala a 1966 aka kuma ƙara mata tsawo a 2013. Zama tsakanin madatsu biyu bai taɓa zama lamunin wuta ba ɗaukewa ba, balle bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, Sinja ta bi baya a ƙarshen Yuni 2024, sojoji ba su karɓe ta ba sai a Nuwamba na shekarar. A watan Fabrairu 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk faɗin ƙasar, mutane suka koma neman inda aka kafa na'urar Starlink su biya kuɗin awa don su aika saƙo ko su karɓi kuɗi ta Bankak. Duk mai ba da shawara a kan kwamfuta a wannan yanki, in bai sa waɗannan ranaku a cikin lissafinsa ba, to da wata ƙasa yake magana.

Lissafin Da Ba a Yi Wa Mai Saye

Abu na farko da mai saye ya kamata ya sani shi ne lambar da ke jikin kwali ba ita zai gani a allo ba. Kamfanoni suna ƙirga gigabayit ɗaya a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, alhali manhajar Windows tana ƙirgawa da ninkin 1,024. Saboda haka ma'adana mai 256 takan nuna wajen 238, mai 512 ta nuna 476, mai terabayit ɗaya ta nuna 931. Ba zamba ba ce, bambancin mudu ne, amma mai ƙaramin rumbu shi ya fi jin zafin bambancin mudu.

Daga cikin 238 ɗin nan sai babbar manhaja ta ɗebi nata. Windows 11 ba ta yarda a ɗora ta a kan ma'adanar da ta gaza gigabayit 64 ba, kuma a aikace ita da sabunte-sabuntenta da ƙananan manhajojin da ba makawa sai da su sukan ci wajen 40 zuwa 50. Sannan ma'adana irin ta SSD ba ta son a cika ta fal. In ta cika, rubutu a kanta yana yin nauyi, don tana buƙatar sarari na juya bayanai a cikinta, shi ya sa masu sana'ar ke cewa a bar mata wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a buɗe. In an cire wannan da wancan, abin da ya rage wa mai 256 bai wuce gigabayit 150 ba.

To, me 150 za ta ɗauka? Kamfanin da ya yi FIFA 23 ya rubuta a tanadar masa gigabayit 100, haka ma EA Sports FC 24. PES 2021 yana neman 40. GTA V ya fito a kwamfuta a Afrilu 2015 yana neman 65, a kan faya-fayan DVD bakwai, kuma ya ci gaba da kumbura tun daga lokacin. Red Dead Redemption 2, wanda ya iso kwamfuta a Nuwamba 2019, 150 yake nema shi kaɗai. Call of Duty: Modern Warfare na 2019 ya haura 200 a cikin 2020, wato ko shi kaɗai ba zai zauna a irin wannan ma'adana ba. Gaskiya ne wasu wasannin ba sa cinye duk wurin da aka rubuta musu a ranar farko, amma ba don ado aka rubuta lambar ba: ranar da sabuntawa ta zo, wasan yakan buƙaci fili na wucin gadi ya shimfiɗa sabon kaya kafin ya kwashe tsohon. Wanda ba shi da wannan fili, sai ya ga wasansa ya tsaya, ba ya gaba ba ya baya. Ke nan mai 256 yana da gurbin wasan ƙwallo ɗaya na zamani da wani matsakaici ɗaya. Mai 512 yana da wajen 360 na amfani, mai terabayit ɗaya kuwa sama da 700.

A nan ne masu shawarar ke cewa, ai ba komai, a goge a sake saukewa. Wannan jumla ita ce ginshiƙin maganarsu baki ɗaya, kuma ita ce ba ta da ƙafa a Abu Na'ama. A yi lissafi a fili. Gigabayit 100 daidai yake da megabit 800,000. A layin da ke ba da megabit 5 a daƙiƙa, ba tsayawa ba yankewa, saukewar za ta ci awa 44 da 'yan mintoci. In layin megabit 2 yake bayarwa, awa 111 ke nan, kwana huɗu da rabi da ɗoriya. Wannan lissafi ya ɗauka cewa wuta ba za ta ɗauke ba ko sau ɗaya, sabis ba zai yanke ba, kuma akwai kuɗin data na gigabayit 100 a aljihun yaron da ya yi shekara yana tara kuɗin kwamfutar daga aikin yankan riɗi ko cajin waya. Uku ɗin nan babu wanda za a iya rantsuwa a kansa. Wannan gigabayit 100 ɗin kuma, in yana ajiye a wata ma'adana a cikin ɗaki, kwafe shi ta kebul ɗin USB 3.0 a kan megabayit 100 a daƙiƙa bai wuce minti 17 ba. Minti 17 a gefe guda, kwana huɗu da rabi a ɗaya gefen. Wanda ya ce da yaron nan ya goge ya sake saukewa, daidai yake da wanda ya ce da manomi ya sayar da dawarsa duka da kaka, ai kasuwa tana nan, in ya buƙata da bazara ya je ya auno.

Manoman wannan yanki ba su taɓa karɓar irin wannan shawara ba. A filayen laka na tsakiyar Sudan akwai daɗaɗɗiyar al'adar haƙa rami a ajiye dawa, wanda ake kira matmura, kamar yadda Bahaushen Kano da Maraɗi ke gina rumbu. Ba don rowa ake yi ba, sai don an san damina ba ta da alƙawari, hanya takan yanke, farashi yakan tashi. A watan Fabrairun 2024 da sabis ya ɗauke, wasa da littafi da karatun malami da fim ɗin da mutum ya mallaka shi ne wanda ke cikin na'urarsa a ranar. Abin da ya bari a intanet da niyyar ya ɗauko in ya so, ya zama na wani har sai abin da hali ya yi.

Hujjarsu Mafi Ƙarfi

Adalci ne a kawo hujjar da ta fi kowace ƙarfi a ɓangarensu, domin tana da gaskiya a cikinta. Suna cewa girman ma'adana ba ya ƙara wa wasa santsi. Hoton da ke gudana a allo aikin katin hoto ne da masarrafa da ram. Ma'adana mai terabayit huɗu ba za ta ƙara ko hoto ɗaya a daƙiƙa ba. Haka ne, babu ja. Amma tambayar da ba sa yi ita ce, nawa ne bambancin? Kuɗin da ke tsakanin SSD mai 256 da mai 512 ba ya kai mutum daga wani aji na katin hoto zuwa na gaba, domin tazarar farashin katunan ta fi wannan nisa. Sau da yawa abin da ake samu da kuɗin da aka matse shi ne akwati mai gilashi da fanka mai fitilu masu launi. An rage rumbu an ƙawata ƙofar gida. Kuma ko da a ce kuɗin ya sayo ɗan ƙarin santsi, santsin wasan da aka goge babu wanda zai gan shi.

Hujja ta biyu ita ce ma'adana ta fi komai sauƙin ƙarawa daga baya. A fasahance haka ne, kebul biyu ne da sukurori huɗu. Amma kalmar "daga baya" tana ɗauke da sharuɗɗa uku: shago yana nan, hanyar zuwa shagon a buɗe take, kuɗin da ke aljihu yana riƙe da darajarsa. Kasuwannin Kartum da ake sayo irin wannan kaya an wawashe su a farkon yaƙi, kaya suka koma shigowa ta Port Sudan da iyakar Masar. Dala da ke wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage kafin 2024 ta ƙare. Ma'adana kuwa kayan waje ce, da dala ake shigo da ita. Wanda ya ɗage sayenta da shekara ɗaya a irin wannan hali bai yi tattali ba, ya dai zaɓi ya biya ninki. Ko a zaman lafiya farashin wannan kaya ba ya tafiya a miƙe: ambaliyar da aka yi a Tailan a 2011 ta tsayar da masana'antu, farashin ma'adana mai faifai ya yi tashin gwauron zabo a duniya baki ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abin da ba a faɗa game da kwamfutar da talaka ke haɗawa. Galibi ba sabuwa ce fil ba. Tsohuwar kwamfutar ofis ce irin Dell OptiPlex ko takwarorinta na HP, a sa mata kati irin GTX 1050 Ti ko GTX 1650, waɗanda akwai samfurinsu da ba ya buƙatar ƙarin kebul ɗin wuta. Irin waɗannan akwatuna, musamman sirara, gurabensu kaɗan ne: wani mazaunin ma'adana ɗaya gare shi, wani ba shi da ramin M.2, wani kebul ɗin wutar da ke cikinsa ba shi da bakin da ya yi saura. A irin wannan akwati "ƙarawa" tana nufin cire tsohuwa a sa sabuwa, a sake ɗora Windows, a sake neman duk abin da ke ciki. Wato an sayi ma'adana sau biyu.

Sai maganar daɗewa, wadda ita ma tana goyon bayan babba. Ƙwayoyin SSD suna da iyakar yawan rubutun da za su ɗauka, kuma babba tana da ƙwayoyi da yawa da za a rarraba wa aikin. Kamfanoni suna rubuta wannan iyaka a takardar garanti. Alal misali, Samsung 870 EVO mai gigabayit 250 an ba ta terabayit 150 na rubutu, mai 500 an ba ta 300, mai terabayit ɗaya 600. Mai wasa na yau da kullum ba zai kai ko ta farkon da wuri ba, wannan gaskiya ne. Amma abin lura shi ne tsarin goge-ka-sake da ake koya wa mai ƙarama shi ne ainihin tsarin da ya fi yawan rubutu, a kan ma'adanar da ta fi ƙarancin juriya, a cikin halin cikar da ta fi wahalar da ita.

Akwai mutum ɗaya da 256 ta isa, kuma ba za a ɓoye shi ba. Shi ne wanda wasanninsa ba su wuce PES 2013 ko PES 2017 masu neman gigabayit 8 ba, da GTA San Andreas da bai kai 5 ba, kuma ya tabbata a nan zai tsaya. Irin wannan ba ya buƙatar katin hoto mai tsada tun farko, don haka shawarar a matse ma'adana don a sayi kati ba ta shafe shi ba. Shawarar tana magana ne da mai son sababbin wasanni, wato mutumin da ita kanta ba za ta yi wa aiki ba.

Ɗaya Gefen Ramin

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa ya bi babbar lamba ido rufe. A gefen masu shawarar ƙarama akwai wasu masu cutarwa ta wata fuska, wato 'yan kasuwar da suka gane cewa mai saye lamba yake kallo. Su ne za su miƙo tsohuwar ma'adana mai faifai, wadda ake kira HDD, mai terabayit biyu, a farashin da ya yi daɗin ji, su ce ga rumbu.

Ma'adana mai faifai inji ne. A cikinta faifai ne ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wata allura da ke shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba, a tazarar da ido ba ya gani. Tsarin tsoho ne. Kamfanin IBM ya fito da na farko a 1956, mai faya-fayai 50, wanda bai ɗauki abin da ya wuce haruffa miliyan biyar ba. Har yau ita ce mafi arahar wurin ajiya in an auna da gigabayit, amma tana da abokan gaba, kuma dukansu mazauna Abu Na'ama ne: ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu, hawa da saukar wutar janareta, jijjiga a hanya, da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a inuwa, alhali cikin akwatin da ƙura ta toshe ya fi waje zafi. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke wallafa ƙididdigar ma'adanansa, yana samun mutuwar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a shekara, a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Wadda ta yi shekara biyar tana aiki a wani ofishi a Turai ko Dubai, sannan ta sha hanyar mota daga Port Sudan, ba wannan lissafin ne nata ba.

Ga kuma jinkiri. Mai faifai takan karanta megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD ta SATA wajen 550, ta NVMe kuwa tana iya kaiwa 3,500 ko sama da haka gwargwadon zamaninta. Ɗora Windows a kan faifai a yau azabtar da kai ne, kuma wasu sababbin wasanni, irin Starfield na 2023, sun rubuta ƙarara cewa SSD suke buƙata. Don haka babbar HDD ita kaɗai ba amsa ba ce, kamar yadda ƙaramar SSD ita kaɗai ba amsa ba ce.

Mafi muni su ne na jabu. Akwai filash da ma'adanan waje da aka yi wa dabara su riƙa shaida wa kwamfuta cewa terabayit biyu ne, alhali abin da ke cikinsu bai fi gigabayit 32 ko 64 ba. Suna karɓar kaya ba musu, sunayen fayiloli suna bayyana, sai ranar buɗewa a tarar an rubuta sabo a kan tsoho, komai ya lalace. Araha ba ta ado, kuma a nan ko ajiya ba ta yi.

Abin Da Ya Dace a Saya

Ga mai haɗa kwamfutar gem a wannan yanki, jimillar wurin ajiya kada ta gaza terabayit ɗaya. Hanya biyu ce zuwa can. In akwatin gurbi ɗaya gare shi, ko wutar wurin ba ta da tabbas kuma babu batirin UPS, SSD guda mai terabayit ɗaya ta fi, domin ba ta da faifan da zai karce, ba ta jin jijjiga, tana kuma cin wuta kaɗan, abin da mai sola zai ji daɗinsa. In akwai gurbi biyu kuma kuɗi ya gaza, a sa SSD mai wajen 500 don Windows da wasa biyu ko uku da ake bugawa kullum, a haɗa mata HDD mai terabayit ɗaya ko biyu ta zama rumbu. Wasan da aka gaji da shi a mayar da shi can maimakon a goge. In kuɗin bai kai ko wannan ba, gara a sauko mataki ɗaya a katin hoto, a haƙura da akwati mai gilashi, da a sauko ƙasa da 500. Daidai ruwa daidai tsaki, amma a san wane ne ruwan.

Mai gidan gem kuwa, wanda kwamfutar ita ce gonarsa, lissafinsa ya fi haka tsanani. Yaro ya shigo da kuɗinsa yana neman wasan da aka goge jiya don a sami fili, wannan ciniki ne ya fita ƙofa. Shi ya kamata ya ajiye ma'adanar waje mai terabayit biyu, wadda ba ta kwana a jikin kwamfuta, mai ɗauke da kwafin komai. Masu tura finafinai a waya a Kano sun daɗe da gane haka: jarinsu ba shago ba ne, abin da ke cikin ma'adanansu ne. Sai dai a kula da wani abu game da kwafin ajiya: SSD da aka bari ba wuta tsawon lokaci a wuri mai zafi takan fara zubar da abin da ke cikinta. Ƙa'idar JEDEC ta ɗora wa irin ta gida, wadda ta cinye iyakar rubutunta, riƙe bayanai na shekara ɗaya a digiri 30. Zafi in ya ƙaru, wa'adin yana raguwa. A yankin da iyalai suka kulle gidaje suka yi watanni a gudun hijira, wannan ba maganar littafi ba ce. Don ajiyar da za a rufe a bari, faifai ya fi.

Za a iya cewa wannan rubutu yana buɗe ƙofar satar fasaha, tunda yana maganar kwafe wasa daga ma'adana zuwa ma'adana. Ba haka ba ne. Manhajar Steam tana da hanyar ajiye kwafin wasan da mutum ya saya ya dawo da shi ba tare da sake saukewa ba, kuma tun 2023 tana barin kwamfuta ta ɗebi fayilolin wasa daga wata kwamfutar da ke layi ɗaya da ita a cikin gida. Shagon GOG yana ba da fayil ɗin ɗorawa wanda ba ya buƙatar intanet bayan an sauke shi sau ɗaya. Duk waɗannan halastattun hanyoyi ne, kuma dukansu ba sa aiki sai da fili.

Za a iya kuma cewa, ana yaƙi wa yake ta gem? Mai faɗin haka bai leƙa cikin irin wannan kwamfuta ba. A gida ɗaya ita ce ke ɗauke da littattafan ɗalibin aikin gona da jami'arsa ta rufe, da hoton takardun shaida da aka ɗauka don gudun asara, da hotunan bikin 'yar'uwa, da tafsirin azumi, da finafinan Kano da iyaye mata ke kallo da dare. Ranar da ma'adana mai 256 ta cika, ba wasan ƙwallo yaron zai goge ba. Babban fayil ɗin da ya ga bai buɗe ba wata uku shi zai tafi.

Kafin kuɗi ya bar hannu, akwai gwaji biyu da ba sa cin ko sisi. Na farko, a sa mai shago ya jona ma'adanar ya buɗe manhajar CrystalDiskInfo, wadda ke karanto tarihin da na'urar ke rubutawa game da kanta: awa nawa ta yi tana aiki, sau nawa aka kunna ta, ko akwai sassan faifai da suka lalace aka sauya musu gurbi. Shekara ɗaya ta aiki dare da rana awa 8,760 ce, don haka wadda ta nuna awa 35,000 ta yi shekara huɗu a kunne, ko da an goge mata jiki ta yi ƙyalli. In manhajar ta nuna alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa, a ajiye ta. Na biyu, ga filash ko ma'adanar waje da farashinta ya yi daɗi fiye da kima, manhajar H2testw tana cika ta da bayanai ta sake karantowa, ta faɗi ainihin abin da ta riƙe. Gwajin yakan ci awowi a kan babbar ma'adana, don haka a yi sharaɗi da mai shago tun kafin a biya cewa in ta faɗi gwajin za a dawo da ita, a kuma kawo manhajojin biyu a filash daga gida, domin ba lalle ne a sami sabis ɗin sauke su a ranar ba.